Jan Leshi a Fadamar Baturiya

Mun tashi daga unguwar Yalwawa a Dutse da asuba, ni da yayana da matarsa, zuciyata har ta riga motar isa Baturiya. Maigidana yana karatu a Turai. Shi ya gaya min tsuntsayen da yake kallo a bakin teku suna gudo wa sanyi, su sauka a fadamun Haɗeja. Ya ce, "Je ki gaishe su kafin zafi ya koro su, ki turo min hotonki da su." Sai na ɗauko jan leshin da ya aiko min, mai duwatsu, na jera awarwaro.

A Kafin Hausa muka karya da ƙosai mai zafi. A Haɗeja kuwa arhar kifi ta sa matar yayana ta kusa mantawa da abin da ya kawo mu. Daga nan hanya ta lalace, muna tafe muna rausaya kamar masu rawa.

Wayyo, fadama! Ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji, furen bado ko'ina. Muka shiga kwalekwale. Can nesa ga tsuntsayen fululu, masu dogayen ƙafafu da siririn baki, suna taku cikin taɓo kamar 'yan rakiyar amarya. Na miƙe cikin kwalekwale ina ɗaga hannu. Leshi ya ɗau rana, awarwaro suka yi kacau, sai fir! Ko ɗaya bai rage ba.

Dattijon da ke tuƙa mu ya ce, "'Yata, biki kika zo? Waɗannan baƙin kunya gare su."

Hawaye ya cika min ido. Rana tana ɗagawa, kuma ba mu da halin sake zuwa bana. Na ce, "Baba, yaya zan yi?"

Ya miƙo min wani tsohon bargo ruwan ƙasa mai ƙarnin kifi. Na cire awarwaro, na lulluɓa, muka lafe cikin dogayen ciyayin kacalla. Ƙafata har ta yi sanyi kafin ɗaya ta sauka, wata ta biyo ta, sannan sama ta zubo su gaba ɗaya. Ina jin fukafukansu a ƙirjina. Yayana ya ɗauki hoto.

Bayan magariba muka shigo Dutse, na tura hoton. Maigidana ya tambaya, "Ina leshin?" Na ce yana ƙarƙashin bargo. Ya ce bai taɓa ganin na yi kyau haka ba.

Na koyi cewa baƙon da ya sha doguwar hanya, shiru ake yi masa a tarbe shi. Ranar da nawa zai sauka, zan dai sa leshin.