Falon da Fes Ta Share wa Inna

A otal ɗin da take aiki ba wanda ya damu da sunanta na gaskiya, Fes kowa ke ce mata. Ita ke gyaran ɗakunan hawa na biyu, kuma in ta fito ta ja ƙofa, ko silin gashi ba za ka tsinta a kan matashi ba. Abu ɗaya take koya wa sababbin 'yan mata: baƙo ya shigo ya rantse ba a taɓa kwana a ɗakin ba.

Gidanta kuwa sai dai a yi shiru. Ciki da falo ne a ƙasan bene, ga yara uku, ga miji direban babbar mota wanda kwanansa a hanya ya fi na gida, ga kuma uwar mijin, Inna, da ta kafa kujerarta a jikin taga. Inna ce ta lalata falon nan, kuma da saninta. Ba ta iya fita ta dawo hannu rabbana ba. Yau motar roba, gobe 'yartsana, jibi bindigar ruwa. Yaran su baje a gindin kujerarta daga dawowa makaranta har magariba, tana raba faɗa, tana tsokanar Auta wai ta gaji da mijin da bai iya cefane ba. Fes ta yi mita har bakinta ya gaji. Amma tana son tsohuwar nan, so na gaske. Ba ta tashi da uwa ba, a hannun Inna ta fara sanin yadda ake yi wa mutum faɗa a kuma ajiye masa abinci da zafinsa.

Sai ga ranar da Inna ta miƙe za ta yi alwala, ta taka wata 'yar mota, ta tafi da baya. Ƙashin ƙugu ya tsage.

A barandar asibiti babbar yayar mijin, wadda kowa ke kira Yaya, ta tare Fes.

"Ke da kike share wa baƙi ɗaki, inda uwata take zama ne ya gagare ki?"

"Yaya, wallahi kullum sai na..."

"Riƙe wallahinki. Ran da za a sallame ta ni zan ɗauko ta a mota, zan biyo in leƙa falon nan. In na ga ko murfin kwalba a ƙasa, jakarta ba za ta sauka ba. Gidana za mu wuce."

Gidan Yaya yana can wani gari mai nisa, ita da mijinta kaɗai, 'ya'yan duk sun watse. Wanda ya tafi can sai dai a ji muryarsa a waya.

Tsakanin jinya da aiki Fes ba ta samu sararin kanta ba sai ranar sallamar. Ta roƙi hutu, ta tura yara makaranta, ta ɗaura zani a ƙugu, ta fara yadda ta saba a otal: daga lungu mafi nisa, tana ja da baya zuwa ƙofa, ba a tsayawa kallon abin da aka ɗauka. Da niyyarta ta bar wa kowane yaro guda biyu, don wata abokiyar aikinta ta sha gaya mata cewa yaro mai kayan wasa kaɗan ya fi natsuwa. To amma duk wanda ta ɗaga sai ta ga yana da taya, ko yana gangarawa, ko yana da tsini, sai idon Yaya ya faɗo mata. Ta dinga cusawa a buhu har da 'yartsanar da ba ta taɓa kayar da kowa ba.

Ina za a kai? Ƙarƙashin gado a cike yake, in ta zuba a bola yaran za su tono. Ta kinkimi buhunan ta hau sama wurin maƙwabciyarta.

"Maman Sama, ga wannan na bar wa yaranki."

"Duka? Ke kuwa lafiya?"

"Duka. Ko taya kar ki dawo min da ita."

Ta sauko ta wanke daɓen, ta goge taga, ta naɗe tabarma ta jingine. Falon ya yi fili har muryarta tana amsawa.

Da yaran suka dawo, a bakin ƙofa suka tsaya da jakunkunansu a baya. Babban ya zura kai ya leƙa ciki. Ta tsakiyar ta ce, "Mama, tashi za mu yi?" Auta ya buɗe baki zai fasa kuka, sai ga ƙarar gungura motoci daga saman silin. Suka dubi juna, suka dube ta.

"Ku hau," in ji Fes, har da jin sauƙi a ranta. "Kar ku sauko sai na kira ku."

Da la'asar motar ta tsaya. Yaya ta fara shigowa ita kaɗai, Fes na biye da ita. Yaya ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta shafa bakin taga ta dubi yatsanta, ta ɗaga labule.

"To," ta ce. "Yanzu na ga gidan mutane."

Fes ta sauke numfashi. Suka riƙo Inna, tana tura sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, suka zaunar da ita a kujerarta. Ta rame ƙwarai. Ta bi falon da kallo daga bango zuwa bango.

"Ina mijin nawa?"

"Suna sama, Inna."

"Kayansu fa?"

"Na bayar. Saboda ƙafarki."

Fes ta ƙwala kira, yaran suka sauko da gudu. Suka gaida kakarsu, Auta ya faɗa cinyarta Yaya ta janye shi. Daga nan suka tsaya cirko-cirko a kan daɓe mai sanyi, ba abin taɓawa, ba abin yin faɗa a kai. Aka saki dariya a sama. Babban ya fara zamewa, ta tsakiyar ta bi shi, Auta ya ce yanzu zai dawo.

Inna ta daɗe tana sauraron silin.

"Gobe ma can za su yini," ta ce. Ta juya ga 'yarta. "Kar ki sauke jakar nan."

"Haba Inna, ai ta gyara."

"Na gani."

Fes ta zube a gabanta. "Inna, don Allah. Yanzun nan zan hau in karɓo su."

"Ki karɓo ki zuba a ina?" in ji Yaya. Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya ce kawai.

"Ba fushi na yi ba," Inna ta ce, ta dafa kan Fes. "A can gidan yayarki na san shiru ne, ba zan sa rai ba. A nan kuwa in zauna ina jin su a kaina, sandar nan ba ta hawa bene. Wannan ne ba zan iya ba."

Fes ce ta tallafe ta zuwa mota, don ita ta san inda ake riƙewa ba a fama mata ciwon ba. Ta gyara mata matashi a baya, ta rufe ƙofar a hankali. Hawaye bai zo mata ba sai da motar ta sha kwana. Ta dawo falon ta tsaya a tsakiya, hannunta na neman abin da zai ɗauke, bai samu ba.