Kujerar da Ta Ƙi Sakin Kawu Leoncio

Kawuna Don Leoncio Valdovinos bai taɓa zaɓar wa kansa komai ba, in ban da fasalin gashin bakinsa. A gidanmu ɗan fari shi ke gadon gonar inabi, na biyu a bai wa coci, na uku a bai wa teku. Shi ne na uku. Yana saurayi aka kai shi tashar jiragen ruwa ta Valparaíso aka sa masa kakin sojan ruwa. Ya sha amai a tafiyar farko, daga baya ya saba da teku yadda ake sabawa da maƙwabci mai faɗa, har ba ya iya barci sai ya ji muryarsa.

Da ya kai kyaftin gwiwoyi suka fara ƙara, sai ya sayi ɗan gida a bakin ruwa a Quintero. Burinsa bai wuce ya zauna a baranda yana kallon jiragen wasu ba. Ana nan dangi suka tuna kujerar gidanmu a majalisar dattawa ba kowa a kai. Aka tura shi Santiago babban birnin ƙasa, garin da ko ƙamshin gishiri ba a ji, aka kuma ɗora masa shugabancin jam'iyya.

Jam'iyyar ta tsofaffin masu gonaki ce, ta riga ta fara nutsewa kamar jirgin da ya huje. Yau wannan ya sauya sheƙa, gobe wancan ya rasu. Matarsa Doña Clotilde kullum tana cewa ya ajiye kujerar su tafi, shi kuma amsarsa ɗaya: kyaftin ba ya barin jirgi sai kowa ya sauka. Haka aka yi ta zubewa har suka rage su biyu, shi da Don Fermín Ossandón, wani dattijo mai gonar alkama da ke fara gyangyaɗi tun ana buɗe zama. Duk zaɓe Don Fermín ya sake tsayawa, kawu ya yi ajiyar zuciya shi ma ya tsaya. Shekaru suka yi ta tafiya.

Da haƙurin Doña Clotilde ya ƙare, ta gayyaci dattijon cin abinci, ta zuba masa miyar kifi, ta tambaye shi kai tsaye yaushe zai huta.

"Ranki ya daɗe, ai ni na gaji tun kafin a haifi jikokina," in ji shi. "Amma a gidanmu ba a tashi daga tebur kafin babba ya miƙe. Kyaftin nake jira."

Kawu ya ajiye cokali. "Fermín, ni kai nake jira."

"Ai da ka faɗa."

"Kyaftin ba ya ce wa mutum ya faɗa ruwa."

Doña Clotilde ta ce su ci abincinsu, tsofaffin kawai, gobe da kanta za ta raka su. Rana ɗaya suka ajiye kujerun. A bakin ƙofar majalisa ma sai da suka tsaya kowa na ba ɗan'uwansa hanya, ta turo su waje tare.

Ya samu barandarsa, sai dai yanar ido ta riga ta rufe masa gani. In na je gaishe shi yakan tambaye ni wane jirgi ke wucewa. Rannan na ce babban jirgin yaƙi ne, tuta na kaɗawa.

"Maƙaryacin banza," ya ce. "Kwale-kwalen masunta ne, ina jin ƙarninsa."

Ya gyara bargo a gwiwa, ya juya kunnensa wajen ruwa, barci ya ɗauke shi.