Bindigar Ranar Suna

Warin man inji ne ya fara tona masa asiri. Kullum da safe nakan zuba wa maigidana abinci a safartas, kwanukan nan masu hawa uku, ya rataya a keke ya tafi warshar da yake aikin ƙarfe a Bagdadiyya. Da yamma ya dawo mini da su in wanke. Sai na lura kwanon da ke can ƙasa yana dawowa a wanke tas, har da gogewa, amma yana warin mai. Mutumin da ko cokali bai taɓa ɗaurayewa ba tun da aka ɗaura mana aure a Gadarif, yau shi ne da wankin kwano? Na ce a raina, lallai akwai magana.

Lokacin muna zaune a unguwar Waziriyya a Jidda, tun ba ta cika ba, gidajen katako da kwano sun fi na bulo yawa. Daga Sudan muka zo aikin hajji muka maƙale, kuma Allah ne kaɗai ya san wahalar da muka sha kafin iƙama, takardar izinin zama, ta shigo hannunmu. Muna da 'yan mata biyu, ga ni da ciki wata bakwai, ga gwaggon maigida, ƙanwar mahaifinsa, wadda muke zaune tare da ita.

Na yi kwana uku ina sa ido. In ya dawo ba ya fara shiga ɗakinmu, sai ya yi wuf ya faɗa ɗakin Gwaggo da safartas a hannu, wai gaisuwa. Gaisuwa har da sakaya ƙofa! Ranar da tsohuwa ta tafi barkar haihuwa, na shiga na jawo akwatin kwanon da ke ƙarƙashin gadonta. Ƙarafa ne a nannaɗe cikin tsummokara, kowanne da nasa, kamar jarirai. Ashe ƙananan a kwanon safartas yake shigowa da su. Ni 'yar maƙeri ce, a gindin zugazugin babana na girma, saboda haka ba sai an gaya mini ba. Da na ga dogon bututun da kunamar, sai na zauna daɓas a ƙasa.

Ban ko bari ya sha ruwa ba da ya dawo.

"Malam, me ka ajiye a ƙarƙashin gadon Gwaggo?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Wa ya aike ki?"

"Hancina ne ya aike ni. Bindiga, Malam? A Jidda? Kana baƙo, kana zaune da takardar da wani ya tsaya maka?"

Maimakon ya ji kunya sai fuskarsa ta washe. Wai wani Balaraben ƙauye ne ya kawo buhun tarkacen ƙarfe warsha, ya zubar ya tafi, shi kuma ya gane abin da ke ciki. Wai ba irin bindigar tokar da mahaifinsa yake ƙera wa maharba ba ce, wannan in ka harba ita ke ɗura wa kanta na gaba. Komai ya samu a buhun, sai wani ɗan sifirin guda da ya ɓace, wanda ke sa kunama ta daki harsashi, shi ya ƙera da hannunsa, sai a gwaji na uku ya ba shi ruwa daidai. Yana ba ni labari idonsa na ƙyalli, ni kuwa ji nake kamar in kwaɗa masa ludayi.

"To ka yi me da ita?"

Gwaggo ce ta amsa daga bakin ƙofa, ashe tana tsaye tana saurare. "'Yar nan, kin san gidan da kika shigo. A gidanmu in an haifi namiji, ubansa ke harba bindigar da ya haɗa da hannunsa ranar suna, da an raɗa. Haka aka yi wa wannan da kike gani, haka aka yi wa ubansa. Cikin nan naki kuwa na namiji ne, dubi yadda ya yi tsini."

Na ce, "Gwaggo, can daji ne, nan kuwa ƙasar mutane ce. Harbi ɗaya, shurɗa, 'yan sandan ƙasar, za su cika gidan nan. A ɗaure shi, mu kuma a zuba mu a jirgin ruwa. Wa za ki kai wa kuka?"

"Harbi ɗaya ne a sama, halas," in ji maigida. "Kafin a waiwayo an gama."

Halas ɗin nan ta fi komai ƙona mini rai. Na san mutumin da aka kwashe da iyalinsa saboda faɗan kasuwa kawai, balle mai bindiga. Na yi kuka, na yi masifa, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba, ko a jikinsa. Mutum ne mai sanyin hali a komai, amma in magana ta taɓo ubansa da ƙira, to ka tarar da dutse.

Daga ranar nan na daina yarda da kowa. Mai kawo mana ruwa a garwa, wanda shekara biyu yana shigowa ban taɓa kallon fuskarsa ba, sai na ga kamar yana daɗewa a tsakar gida, idonsa na zuwa ɗakin Gwaggo. Na koma tare shi a ƙofa, ina jan garwa da tsohon ciki. 'Yan matana na hana su wasa a waje, kada bakinsu ya suɓuce. In mota ta tsaya a layinmu sai in yi ta leƙe ta kafar ƙofa har ta tashi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce maƙwabciyarmu, haifaffiyar Jidda, Hausarta rabi Larabci rabi, mijinta kuma masinja ne a ofishin shurɗa. Katanga ɗaya ta raba mu, ta katako, ko tari ka yi ana ji. Da can ƙawata ce, tare muke tsince shinkafa. Rannan ta shigo aron turmi, ta shaƙi iska ta ce, "Ya ukhti, gidanku warin warsha yake yi." Na ce kayan aikin maigida ne na jiƙa. Ta yi murmushi. Murmushin nan na kwana uku ina juya shi, ina cewa ta sani ko ba ta sani ba, in ta sani ta gaya wa mijin ko tukuna. Da ta aiko mini da sambusa, ban ci ba, na ce neman hanyar shigowa ne.

Ita ma Gwaggo ban bar ta ba. Wata rana ta dawo daga unguwa, ta kwance bakin mayafinta, sai ga harsashi uku. Tsohuwar da ko kasuwa sai an raka ta! Na tambaye ta inda ta samo, ta ce ba ruwana. Ke nan akwai wani a garin nan da ya san gidanmu akwai bindiga, ni kuma ban san ko wane ne ba. Duk namijin da ya gaishe ni a hanya sai in ce ko shi ne.

Abin da zan faɗa yanzu ina jin kunyarsa: na roƙi Allah ya ba ni mace. Ni da na yi shekara shida ina marmarin ɗa namiji, na ɗaga hannu bayan sallar la'asar na ce a ba ni ta uku. Amma cikin ya ci gaba da tsini, yana harbina kamar ya san abin da ake ciki.

Na yi tunanin in ɗauke ƙarfe ɗaya in jefa a masai. Sai na ga ba amfani, zai gane, kuma ya ƙera wani cikin mako. Ina cikin fifita gawayi da hantsi sai na tuna babana. In yana son ƙarfe ya yi laushi don ya ji daɗin aikinsa, yakan tura shi cikin garwashi ya yi ja, sannan ya binne shi a toka ya huce da kansa. Abin da ruwa ya ba ƙarfe na ƙarfi, toka ke zare shi, kuma a ido yana nan yadda yake.

Ranar wata Talata Gwaggo ta tafi asibiti a duba mata ido. Na kulle ƙofar gida, na jawo akwatin, na nemo ɗan sifirin nan da ya ƙera. Bai kai tsawon yatsana ba. Wallahi aiki ne mai kyau, ko babana ya gani sai ya yaba, har na tsaya ina kallonsa. Na tura shi ƙarƙashin tukunyar miya har ya yi ja, na binne shi a toka, na jira. Da ya huce na goge shi da toka da tsumma har ya yi haske, na shafa masa mai, na nannaɗe shi yadda na same shi. Miyar ma ta ƙone, kuma da maigida ya yi ƙorafi na ce ciki ne ya sa ni barci.

Ranar Juma'a ya haɗa bindigar bayan an sauko daga masallaci. Ya so ya gwada kunamar ko babu harsashi, Gwaggo ta buge masa hannu, ta ce ba a taɓa ta sai ranar suna. Ban taɓa son tsohuwar nan kamar ranar ba.

Na haifi namiji. Gwaggo ta rangaɗa guɗar da ta tashi layin gaba ɗaya, ni kuwa na rungume ɗana ina kuka, mata suna cewa farin ciki ne.

Ranar suna da sassafe maza suka cika ƙofar gida da tsakar gida, aka raba dabino da gahawa, liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha. Ina ɗaki ina leƙe ta labule. Cikin waɗanda ke zaune har da mijin maƙwabciyata, masinjan shurɗa, da farar tufarsa. Sai ga maigida ya fito daga ɗakin Gwaggo da abu nannaɗe a bargo. Ya tsaya a tsakiya, ya yaye bargon. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi," wasu biyu suka sulale waje. Gwaggo ta gyara tsayuwa, ta kama hanci za ta yi guɗa. Maigida ya ambaci sunan mahaifinsa, ya ɗaga bakin bindigar sama, ya ja kunama.

Ƙyas. Shi ke nan abin da aka ji.

Ya sake gyarawa, ya ja. Ƙyas. Ya canza harsashi, ya ja na uku, zufa na zuba daga gemunsa. Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa, liman ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, mayar da abin nan inda ka ɗauko shi." Gwaggo ta sauke hannunta daga hanci ta shige ɗaki, ba ta fito ba har aka watse.

Na yi mako ina jiran a buga ƙofa, ba wanda ya zo. Maƙwabciyata ce ta zo da kunun jego, ta zauna a bakin gado ta ce, "Wallah ya ukhti, wata biyu ina jin ƙarar ƙarfe ta katanga, ban faɗa wa kowa ba. Mijina ma ya ce shi bai ga komai ba, tunda bindigar ba ta tashi ba." Na sha kunun ina jin nauyinta. Na so in tambaye ta da ta tashi fa, amma ban iya ba, kuma har yau ban san amsar ba.

Shi kuwa tun ranar sunan da la'asar ya wargaza bindigar. Ya ɗauki sifirin ya matsa shi da yatsa, ya ga ya lanƙwashe bai dawo ba. Ina zaune ina shayar da yaro, na ce yau kashina ya bushe, yanzu zai juyo ya dube ni. Ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Ko sau ɗaya bai kawo ni a ransa ba.

"Ban iya ba shi ruwa ba," ya ce. "Babana ko da ido a rufe ba ya kuskure wannan. Ashe hannun bai biyo ni ba."

Washegari ya yayyanka sauran a warsha, ya hau mota zuwa Abhur ya zubar a teku. Iƙamarmu ta tsira, yarana suka girma a Jidda, abin da na nema na samu. Amma daga ranar bai sake ba ƙarfe ruwa ba, in aikin ya zo warsha sai ya miƙa wa wani. Da yaron ya tasa ya ce yana son ƙira, uban ya kai shi wurin tela.

Da ya dawo daga Abhur ɗin ne ya shigo ɗaki, ƙafar wandonsa a jiƙe, ya tsuguna a gabana.

"Uwar yara, ki yafe mini," ya ce. "Na tayar miki da hankali da tsohon ciki, na kuma kunyata ɗanki a gaban mutane."

Saura kaɗan in faɗa masa gaskiya. Na dubi yaron, na dubi shi, na ce, "Ba komai, Malam." Shekara talatin da ɗaya muka ƙara tare bayan nan, kuma ban taɓa gaya masa ba.