Rigar Da Sa'idu Ya Ƙi Takawa

Shekara shida ke nan da muka rufe Sa'idu Koci a maƙabartar bayan garin Doha, amma duk sanda aka buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai sai in ji kamar jiya muka dawo daga jana'izarsa. Wasu da watan azumi suke tuna mamatansu, wasu da faɗuwar damina. Ni kuwa abokina ya bar mini lokacin da bai dace da hawaye ba, lokacin da kowa ke riƙe da waya yana tambayar wa aka saya, wa aka sayar, wane koci za a kora kafin sati ya zagayo.

Bana abin ya fi cin raina, domin ƙaninsa Nura yana tsaye daidai inda shi ya tsaya. Kamfani ɗaya, aikin tuƙi ɗaya. Nura yana da difloma a aikin lantarki, ya kuma sami wani kamfani da zai ɗauke shi a kan abin da ya karanta, aka ce ya kawo takardar saki daga kafil kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba a ba wani. Ga masu karatu na gida, kafil shi ne wanda ya kawo ka ƙasar nan aiki, zamanka yana rataye da sunansa, kuma ba ka barin aikinsa ka kama na wani sai ya sa hannu. Wannan sa hannun Sa'idu ya yi ta bi har ya koma ga Allah.

Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka tun ranar da muka haɗu a masallacin Juma'a muka kama tsokanar juna ba mu daina ba. Ni ina aikin gwajin jini a wani asibiti, shi yana kai injiniyoyi wurin aikin gas. Kafin ya zo nan ya yi shekaru yana horar da yaran unguwa a Tudun Wadar Zariya, ba albashi, sai usur da ƙaunar abin. Daga nan sunan Koci ya bi shi. Nakan ce masa kocin da bai taɓa cin kofin shayi ba ma, shi kuma ya ce Bakano bai san ƙwallo ba sai farashinta.

Majalisarmu a unguwar Bin Omran take, a ɗakin Alhaji Ɗanjuma, wani tsohon direba ɗan Gusau mai babbar talabijin da babbar murya. Bayan Juma'a muke taruwa, da kuma yammacin Asabar in akwai wasa. Masu gadi, direbobi, har da likita ɗaya da ke zuwa da lemo. Wanda kulob ɗinsa ya sha kashi shi ke sayen shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a shagon ƙasan bene. A ɗakin nan mun kori kociyoyin da ba su san da zamanmu a duniya ba, mun sayar da masu tsaron gida, mun ajiye manyan 'yan wasa a benci, duk muna kishingiɗe a kan katifa. Na taɓa ganin mutum biyu sun yi gaba ta wata guda a kan ko ya kamata a canza ɗan wasa a minti na sittin. Ba na jin kunyar wannan, domin mutumin da ya wuni ana ce masa zo nan, je can, yana bukatar ɗakin da shi ma zai ba da umarni.

Amma muna da wata al'ada da ban taɓa gani a wani wuri ba. In ɗan wasa ya matsa sai an sayar da shi, ya bar kulob ɗin da yawancin 'yan ɗakin ke goyon baya, sai a samo rigarsa mai sunansa a baya, irin ta kasuwa, a shimfiɗa a bakin ƙofa. Duk mai shigowa sai ya goge ƙafa a kai. Alhaji Ɗanjuma ne ya ƙirƙiro abin, shi ne kuma alƙali. A shekarar da kyaftin ɗin kulob ɗinsu ya tafi wurin abokan gaba, Alhaji da kansa ya tuɓe rigar daga jikinsa ya jefa ƙasa yana cewa maci amana, butulu, wanda aka yi rainonsa tun yana yaro. Ni ba kulob ɗina ba ne, dariya kawai na riƙa yi, har da roƙon a ƙara wata rigar saboda ƙafata babba ce.

Sa'idu kulob ɗinsa ne, ya fi kowa jin zafin tafiyar kyaftin ɗin, amma bai taɓa taka rigar nan ba. In ya iso sai ya cire takalmi, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Da farko an ɗauka mantuwa ce. Da aka gane da gangan ne, sai aka yi masa caa.

"Koci, kai ma an saye ka ne?" in ji Alhaji Ɗanjuma.

"Alhaji, mutum ya yi aiki shekara da shekaru, ya ce yana so ya gwada wani wuri. Ina cin amana a nan?"

"Ya jira kwantiragi ya ƙare mana!"

"In sun gaji da shi, su suna jiran kwantiragi?"

Aka yi ta musu har la'asar, kowa yana kawo ƙwallayen da kyaftin ya ci da waɗanda ya zubar. A lokacin Sa'idu bai gaya wa kowa ba sai ni cewa wani mutumin Tunisiya mai makarantar koyar da yara ƙwallo ya gan shi yana gyara wa wasu yara tsayuwa a fili, ya ce zai ɗauke shi mataimakin koci. Albashin bai fi na tuƙi da yawa ba. Amma ranar da Sa'idu ya zo ya faɗa mini, mutumin nan mai shekara arba'in da wani abu rawa ya taka mini a bakin asibiti, har mai gadi ya zo kallo. Takardar saki kawai ta rage.

Sau da yawa na raka shi ofishin kamfaninsu, saboda Larabcina ya ɗan fi nasa. Manajan ma'aikata, wanda suke kira mudir, ba muguwar fuska gare shi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya kan ba mu wurin zama, ya sa a kawo ruwa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Bukra, inshallah." Wato gobe. Da na ga mai zagi ne da na san yadda zan yi da shi. Mutumin Tunisiya ya yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ya ɗauki wani.

A cikin injiniyoyin da Sa'idu ke tuƙawa akwai wani ɗan Benezuwela da ba ya son komai a duniya sai besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki a zagaya fili da gudu. Tafiyarsu doguwa ce, don haka Sa'idu ya koyi wasan ko yana so ko ba ya so, ya riƙa kawo mana labarinsa majalisa muna ce masa ya rufa mana asiri. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya ce a wasan nan akan yi musayar 'yan wasa tsakanin kulob da kulob ba tare da an tambaye su ba. Mutum yana cikin atisaye a kira shi gefe a ce ya haɗa kayansa, an ba da shi an karɓo wasu biyu. Alhaji Ɗanjuma ya ce ai wannan shi ne tsari, kulob ya fi ɗan wasa. Sa'idu ya yi murmushi.

Ba a daɗe ba kamfaninsu ya yi masa irin wannan. Wani ɗan kwangila da suke hulɗa da shi yana bukatar direban babbar mota a Umm Salal, can wajen Doha, su kuma suna bukatar masu ƙananan motoci, sai aka yi canji. Mutumin da ya yi ta roƙon a sake shi aka ƙi, rana ɗaya aka tura shi inda bai nema ba, sunansa kuma yana nan a hannun kafil ɗinsa na da. Juma'ar da ya zo sallama da ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuya ya ɗauke rigar kyaftin, wadda ta yi baƙi ƙirin da datti, ya naɗe ya sa a leda. Ya ce, "Alhaji, ka ba ni wannan. Shi dai ya tafi da ƙafarsa."

Umm Salal ta yi masa nisa da mu, sai ya riƙa zuwa jefi-jefi. In ya zo, da rigar nan a jikinsa yake zuwa, wankakkiya tas, sunan baya ya kusa gogewa. Ya rame, ya rage surutu, amma in aka taso wani koci a gaba yana nan da halinsa na cewa ba ku ga atisaye ba, ba ku san me yaron nan ya kwana da shi a rai ba. Wata safiya a tsakiyar zafi ya yi sallar asuba ya koma ya kwanta, bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Mahaifiyarsa ta ce ta waya a rufe shi nan, kada a wahalar da gawa. Takardun da ake bukata daga kamfani kafin a ba mu shi, mudir ɗin nan ya sa musu hannu kafin azahar, har da yi mana ta'aziyya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar da na ga biron nan yana gudu a kan takarda ba.

Nakan tambayi kaina me Sa'idu zai ce da ya ga Doha ta yau. Filayen wasa sun tashi kamar a mafarki, jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin gari, yara 'yan makarantun ƙwallo sun cika ko'ina da riguna masu kyau. Na san zai tsaya a bakin shingen fili yana gyara wa yaron wani tsayuwa ba a tambaye shi ba. An kuma sassauta doka, ba zan ƙi faɗa ba: yanzu yawancin ma'aikata suna iya fita ƙasar ba sai kafil ya yarda ba. Amma canza aiki kafin kwantiragi ya ƙare har yanzu sai da hannunsa, kuma a nan Nura ya maƙale. Ina jin Sa'idu zai ce an buɗe ƙofar filin, an bar ta benci a kulle.

Mu ma ban ga mun canza ba. Watan jiya wani matashin ɗan gaba ya ƙi zuwa atisaye sai da aka sayar da shi, sai ga sabuwar riga a bakin ƙofar Alhaji Ɗanjuma. Juma'ar da ta wuce Nura ya zo, ya cire takalmi, ya dubi rigar, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Bai taɓa ganin yayansa ya yi haka ba, domin bayan rasuwar ya zo ƙasar nan, kuma ban taɓa ba shi labarin ba. Alhaji yana tsakiyar lissafa laifuffukan ɗan wasan, butulu, mai kwaɗayi, sai na katse shi na gaya wa ɗakin halin da Nura ke ciki. Na ce in neman tafiya cin amana ne, to ga wani maci amanar nan zaune, a kawo rigarsa shi ma.

Alhaji ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya dafa bango ya tashi, ya je ya ɗauke rigar ya rataye a ƙusa. Ya ce, "Ba don wancan yaron ba, har gobe butulu ne. Yalla, ku shirya, Lahadi ni zan kai ku ofishin."

Mun je ranar Lahadi, mu uku. Mudir ɗin nan ne dai, furfura kawai ya ƙara. Ya ba mu wurin zama, ya sa aka kawo ruwa. Na ce masa wannan ƙanin Sa'idu ne, direbanku da ya rasu a Umm Salal, wanda muka yi ta zuwa da shi neman irin wannan takarda. Ya ɗan yi tunani, da gaske yake ƙoƙarin tunawa, sannan ya ce, "Wane Sa'idu?" Bayan haka ya ce mu dawo bukra.

To, ga abin da ya rage na abokina. Kamfanin da ya ƙi sakinsa bai ma riƙe sunansa ba. Bai ci kofi ba, bai horar da yaro ko ɗaya a ƙasar nan da izini ba. Rigar kyaftin da na ɗauko cikin kayansa tana cikin akwatina, da na ba Nura labarinta sai ya ce in ajiye masa sai ranar da aka sa hannu. Ban sani ba ko ranar za ta zo kafin wata ya ƙare, kuma ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Gobe za mu koma, Alhaji ya ce wannan karon duk wanda ba ya bakin aiki a majalisa sai ya bi mu, mu cika masa kujerun har ya gaji da ba mu ruwa.

Jiya da yamma mun taru a Bin Omran don shirya tafiyar. Bakin ƙofar babu komai sai siminti. Na zauna ina kallon masu shigowa, masu gadi da direbobi da likita da lemonsa, sai na ga kusan kowa in ya cire takalmi yana ɗaga ƙafa ya tsallake wurin da rigar take a da. Allah ya jiƙan Sa'idu, ya sa ya huta, ya kuma saki ƙaninsa tun yana da rai.