Kek ɗin da Babu Kirfa

Shekara tara maƙwabciyata Inna ta yi tana gasa wa jikokinta biyar kek ɗin kabewa na tafiya makaranta. Sukari kaɗan take sawa, wai haƙori ba a aronsa. Autarsu ba ta son kirfa, don haka nata daban ake gasawa, a wani lotsattsen gwangwani.

Bara ɗanta ya sami canjin aiki, ya kwashe iyalinsa. Har yau Inna tana gasawa kowace safiya, ta miƙa wa 'yan makarantar da ke wucewa. Su karɓe a guje, ko waiwaye babu.

Na ce, "Inna, ki sa wa duka kirfa mana."

Ta harare ni. "Hannuna bai saba ba."

Na lotsattsen gwangwanin ba ta bayar da shi. Ita ke cinyewa a tsaye, ita da ke son kirfa kamar me.