Baduku da Masu Manyan Ƙafafu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinka takalma a shago guda, wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ke tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Ubansa baduku ne, jakunkuna yake yi. Shi kuwa tun yana saurayi ya koma wa takalmin maza, rufaffen nan mai igiya da ake sawa a je ofis. Duk da haka sunan gado bai sake shi ba, kowa a layin Baduku yake kiransa.

Bai taɓa yin talla ba, ko allo babu a ƙofar shagonsa. Mutum zai sa takalminsa ya je wurin aiki, abokin aiki ya kalli ƙasa ya ce, "Ina ka samo wannan?" Bayan mako guda sai ga abokin ya zo yana tambayar mai fenti ina shagon Baduku. Shi kuma ya ce masa ya cire takalmi ya taka kwali, ya zagaye ƙafar da fensir, ya danna nan ya danna can, ya ji inda ƙashi ya fito da inda tafin ya kwanta. Da haka ya aurar da 'ya'ya uku, ya rufa wa kansa asiri.

Sai abu ya fara ja da baya, ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Waɗanda ya saba yi musu suka tsufa suka daina zuwa ofis. 'Ya'yansu kuwa a waya suke zaɓar takalmi, a kawo musu har gida a kan babur. Wata rana yakan wuni bai zagaye ƙafa ko ɗaya ba, sai dai ya yi ta goge takalman da ke kan kanta alhali ba su yi ƙura ba.

Ɗiyar ƙanwarsa ce ta ga abin ya ishe ta. Mace ce mai shekara talatin da wani abu, tana aiki a wani kamfani da ke yi wa 'yan kasuwa talla a intanet. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Wata Asabar ta shigo shagon ta ajiye jakarta a kan tarin fata.

"Kawu, zan buɗe maka shafi."

"Shafin me, Uwata? Ni da ba littafi ba?"

Ta yi dariya, ta ce shi dai ya ci gaba da aikinsa. Ta ɗauki bidiyonsa yana yanka fata, yana shafa gam, yana buga ƙusa a dunduniya. Ta jera takalman da ya fi ji da su a bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗauke su ta gaba ta ɗauke su ta gefe. Bidiyo goma sha biyu ta ɗora cikin wata biyu. Waɗanda suka kalla ba su kai cikin motar haya biyu ba, kuma rabinsu dangi ne.

Ana nan, ran nan ta zo ta tarar ya gama takalmin wani direban babbar mota, tsohon mai hulɗa da shi, wanda Allah ya ba shi ƙafa lamba hamsin. Sau ɗaya a shekara yake zuwa, don babu kantin da yake samun daidai da shi. Baduku ya ɗaga takalmin yana duba ɗinkin, tsawonsa tun daga gwiwar hannunsa har ya wuce tsintsiyar hannu. Uwata ta zaro waya.

"Bar wannan," in ji shi. "Wannan ai ba na nunawa ba ne. Kwale-kwale ne, rufin asiri kawai na yi wa bawan Allah."

Ta riga ta ɗauka, har da maganar tasa. Ta ɗora.

Bayan kwana uku wayarsa ta fara ƙara tun da safe, ba ta huta ba har la'asar. Wani yana neman arba'in da takwas, wani arba'in da tara, wani ya ce shekara goma rabonsa da rufaffen takalmi, da silifa ya je neman aiki. Baduku ya amsa na farko da na biyu da fara'a. Da ya kai na goma sha ɗaya sai ya kife wayar a kan tebur. A iya saninsa, mai irin wannan ƙafa mutum ɗaya ne a garin nan. Ya kira Uwata ya ce ta zo in ta tashi daga aiki.

"Zauna ki gaya mini gaskiya. Daga ina waɗannan mutane suka fito?"

"Suna nan tun da, Kawu. Manhajar da nake ɗora bidiyon a kai ce ta nemo maka su."

"Ta yaya ta san girman ƙafarsu? Kwali suka taka mata?"

"A'a. Mutum ya sha neman babban takalmi a wayarsa bai samu ba, to abin yana nan a ajiye. Bayanai ke nan. Da bidiyonka ya fito, aka ga irin su ne suke tsayawa su kalla har ƙarshe, sai aka yi ta nuna wa irin su."

"Wa ya gani?"

"Ba mutum ba ne, Kawu. Lissafi ne."

"Lissafi ya ga mutum ya tsaya?"

Ta buɗe masa wani shafi mai layuka masu hawa da sauka, da wata da'ira da aka yanka kashi-kashi, kowane kashi da launinsa. Ta ce bakwai cikin goma na masu kallonsa maza ne da suka haura talatin, yawancinsu a garuruwan da bai taɓa takawa ba, kuma da tsakar rana suka fi kallo. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya sake dubawa.

"Da tsakar rana? Ba su da aikin yi ne?"

Tun daga ranar ya fara kallon wayarsa da gefen ido. In mai agogo ya shigo hira, sai ya jefa ta cikin aljihun tebur ya danne ta da guntayen fata. Abin da ya ƙara rikita shi, wata rana ya gaya wa matarsa bayansa yana ciwo, washegari sai ga tallar katifa a wayar. Ya nuna wa matar tasa.

"Kin gani? Tana jin mu."

"To in tana ji, Malam, ka gaya mata rufin ɗakin girki yana yoyo. Ni wata shida ina gaya maka ba ka ji ba."

Uwata ta ce masa ita ce ta taɓa duba farashin katifa da wayarsa, kuma duk mai shekarunsa ana nuna masa irin wannan talla. Ya ce ya ji. Amma bai daina danne wayar da fata ba.

Aiki kuwa ya zo har ya fi ƙarfinsa. Ya sa aka sassaƙa masa sababbin ƙafafun katako manya-manya, waɗanda ake ɗora fata a kansu, suka cinye rabin kanta. Fatar da take fitar masa da takalmi huɗu yanzu uku take fitarwa da kyar. Mai agogo ya samu abin tsokana, duk wanda ya tambayi shagon sai ya ce, "Kana nufin asibitin giwaye? Ga shi nan." Ya kamata Baduku ya yi murna, kuma yana godiya ga Allah. Sai dai wani abu yana cinsa a rai. Shi abin da ya ƙware a kai, abin da ya ɓata ƙuruciyarsa yana koya, siririn takalmi ne mai tsinin baki, lamba arba'in da biyu. Babu wanda yake tambayarsa wannan kuma.

Ya zauna mako biyu ya ɗinka wanda bai taɓa yin kamarsa ba, baƙi wuluk, mutum yana ganin fuskarsa a jiki. Ya ce wa Uwata ta nuna wa duniya wannan. Ta ɗauka da kyau, ta biya aka tura tallar ga ma'aikatan ofis. Saƙo ya shigo da yawa, kuma kusan duk maganarsu ɗaya: "Ya yi kyau. Akwai shi a arba'in da tara?"

"Ba ke kika ce ga 'yan ofis za a kai ba?"

"An kai, Kawu. Amma manhajar ta riga ta san ka da manya, su take fi kawowa."

"To ki gaya mata ta yi kuskure."

"Ba a gaya mata. Sai dai ta koya."

"Wa ya koya mata na farkon?"

Uwata ta mayar da wayar cikin jaka.

A makon ne ya haɗu da wani tsohon shugaban makaranta a bakin titi, mutumin da ya yi wa takalmi shekara ashirin. Baduku ya kalli ƙasa kamar yadda ya saba, ya ga takalmin kamfani a ƙafarsa. Suka gaisa, shugaban ya ɗan ji kunya.

"Ai na ji an ce ka daina yi wa irinmu masu ƙananan ƙafa."

"Wa ya ce, ranka ya daɗe?"

"Jikata ce ta nuna mini a waya."

Ya koma shago ya zauna. Bai faɗa ba, Uwata ba ta rubuta ba, amma ga shi magana ta zaga gari ta dawo.

Ga kuma matsalar awo. Na nesa hoton ƙafa suke turowa da lamba. Baduku ya ce shi bai iya ɗinka wa hoto takalmi ba, Uwata ta lallashe shi ya gwada. Na wani mutum ya matse shi a ɗan yatsa, sai mutumin ya shiga shafin ya ba shi tauraro biyu cikin biyar. Uwata ta zo hankali a tashe, ta ce taurarinsa sun sauka.

"Da ina da taurari?"

"Kana da huɗu da rabi."

"Rabin tauraro kuma? Kuma ba wanda ya gaya mini sai da suka zube?"

Ya sake wa mutumin takalmi, sannan ya kafa doka. Duk mai so daga nesa, ya taka takarda a tsaye, wani ya zagaye masa ƙafa biyu da fensir, ya auna kaurin ƙafar da zare ya yanke zaren, ya sa duka a ambulan ya ba direban mota ya kawo. Uwata ta riƙe kai. Ta ce duk alƙaluman da suke aiki da su a ofis sun nuna in aka wahalar da mai saye, guduwa yake yi. Ko danna abu uku aka ce ya yi, rabi sun tafi. Ya ce su tafi.

Ba su tafi ba. Ambulan suka fara zuwa daga tasha, wasu da maiƙo a jiki, wasu da 'yar wasiƙa a ciki. Wasu ma suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu ana zagaye musu ƙafa suna dariya, su ɗora, wasu su gani su yi nasu. Uwata ta kai labarin wurin shugabanta a ofis. Ta dawo ta ce sun yi taro na awa guda a kai, kowa da bayaninsa, babu biyu da suka zo ɗaya.

"Ashe ku ma ba ku gane ba," in ji Baduku. Ya rasa ko daɗi zai ji ko tsoro.

Wata Talata da hantsi wata doguwar mata ta yi sallama a ƙofar shagon. Ta ce ma'aikaciyar jinya ce, tafiyar rabin wuni ta yi. Ya kalli ƙasa, ya ga takalmin maza a ƙafarta, an yanka gefensa da reza don ya sake.

"Hajiya, ni ban taɓa ɗinka na mata ba."

"Na sani, Baba. Mako shida wayata tana nuna mini kai. In na ture ka, gobe ka dawo. Shi ne na ce bari dai in zo in gani." Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta nuna masa. "Arba'in da shida nake sawa. Tun ina 'yar shekara sha huɗu ban sa takalmin mata ba. A tsaye nake wuni a kan marasa lafiya."

Ya so ya ce ba shi ya aiki kansa wayarta ba, ya ga maganar ba ta da amfani. Ya shimfiɗa kwali, ya miƙa mata fensir, ya riƙa gaya mata yadda za ta riƙe shi a miƙe. Ya ce ta ba shi wata guda.

Sau biyu yana lalata fata. Na farko da ya kai gida, matarsa ta juya shi ta ce, "Wannan ai na maza ne ka sa masa fure." Ta kwaso nata takalman ta zube masa a tabarma, ta nuna masa inda baki yake zagaye da inda gefe yake sauka. Shekara talatin da biyar suna tare, bai taɓa duba takalminta da idon sana'a ba. Na uku ya fito, ruwan ƙasa, mai laushi, da ɗan maɗauri a sama.

Matar ta dawo ta sa. Ta taka zuwa ƙofar mai fenti ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta zauna a benci tana kallon ƙafafunta, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce a sa mata tsohon a leda ta jefar a hanya. Kafin ta tafi ta ɗauki hoton ƙafarta a bakin ƙofa, ta ɗora a shafinta.

Kwana goma bayan haka Uwata ta shigo da sauri, wayarta a hannu. Baduku yana sunkuye, ƙusa biyu a bakinsa.

"Kawu, alƙaluman sun juya. Yanzu shida cikin goma mata ne. Akwai saƙo arba'in da ba ka buɗe ba."

Ya cire ƙusoshin ya dube ta ta saman tabarau.

"Mazan kuma ina suka je?"

"Suna nan. Matan ne suka fi su yawa."

"To yanzu ni mai ɗinkin me ne?"

Ta duba wayar, ta ja layukan sama, ta ja su ƙasa.

"Wallahi Kawu, sai mun ga na wata mai zuwa."

Ya girgiza kai, ya jawo guduma.

"Matsar da jakarki daga kan fatar nan, Uwata. Bari in gama ƙafar hagun nan tukuna."