Da Mutum Biyu Anka Kada Bappa Bube

Shekara bakwai ke nan da munka kai Bappa Bube makwancinai, kuma gaskiya har yau ban gama jin haushinai ba. Allah ya jiƙan shi. Amma na gaji da masu zuwa addu'ar shekara suna ta "mutumin kirki, mutumin kirki", alhali rabinsu bayan wani sunka tsaya ranar da yake buƙatarsu.

Ƙanen babana ne, shi ya riƙe mu ni da Inna bayan rasuwar babanmu. Tsohon malamin firamare ne a Wurno. Da ya aje alli sai ya koma noman albasa ƙasan madatsar Goronyo, manoman rani na wajenmu sunka sa shi shugaban ƙungiyarsu. Kafin shi, masu gona a farkon hanyar ruwa su ke sha su ƙoshi, mu 'yan ƙarshe sai laka. Bappa ya yanka kwali ya yi wa kowa kati, ya rubuta ranar ruwanai. Ranarka ce, ka buɗe. Ba taka ba ce, ko kai wane ne, ka jira. Faɗa ya ƙare, albasar Inna ta fara yin kai.

Da zaɓen ƙungiya ya zo, wani Alhaji daga 'yan farko ya fito da magana guda: ruwan Allah ne, ba a yi mashi kati. Zaɓenmu kuwa na layi ne, kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga kawuna. Sai anka sa zaɓen ranar Talata, ranar ruwan 'yan ƙarshe, mutanen Bappa ke nan. Kowa ya ce ya ɗaga ranar ruwan zuwa Laraba, sau ɗaya tak. Ya ƙi. Wai in shugaba ya taɓa katin don kainai, gobe da wane baki zai hana wani? Mutanenai sunka tafi ban ruwa, don albasa ba ta san zaɓe ba. Da mutum biyu anka kada shi.

Ina aji biyar na sakandare lokacin. Na dawo na iske shi gindin darbejiya yana gyaran rediyonai kamar ba a yi komi ba. Na fara faɗa tun ban aje jaka ba.

Ya ce, "Uwata, zamna ki ji. An taɓa yin irin wanga a Ingila."

Na ce, "Bappa, mi ya haɗa mu da Ingila? Albasa suke nomawa?"

Bai kula ni ba. Ya ce bayan yaƙin duniya na biyu an yi wata gwamnati can da ta buɗe wa talaka asibiti kyauta. Amma shekaru bayan yaƙi ya ƙare, nama da sukari sai da kati, sai da layi. Mutane sunka gaji. Manyan gwamnatin sunka riƙa faɗa da juna. Wata ƙaramar jam'iyya ta kasa tsai da 'yan takara a mafi yawan wurare, masu binta da dama sunka koma wajen 'yan adawa. Ya ce abin dariya ma, in an tara ƙuri'u duka gwamnatin ta fi yawa, kujeru ne ba su kai ba. 'Yan adawa sunka haye da ƙyar.

"Ba son 'yan adawa ya kai su ba," in ji shi. "Gajiya da kati ne. Amma da sunka hau, ba su rushe asibitin ba. Abu in yana da amfani, wanda ya kada ka ma zai riƙe shi. Alhaji ba zai taɓa katin ruwa ba, ki gani."

Na gani, Bappa. Wata biyu bai cika ba anka daina duba kati. Kai ka rasu tun shekara ba ta zagayo ba, ba ka ga sauran ba. Yanzu 'yan farko injin ban ruwa suke kafawa su zuƙe ruwan tun bai iso mu ba. Fadamar Inna, rabi muke shukawa. Bara ina kallo ganyen ya kwanta, ya yi rawaya, muna ɗauko ruwa da jarka kamar masu wankin kaya. Gidaje uku na kusa da mu sun bar noman rani gaba ɗaya.

Da yana raye, na san mi zai ce. Zai ce a yi haƙuri, mutane za su gane. Wataƙila ma ya jawo mani wata ƙasar. Ni kuwa karatun nan nai na riƙe rabi na zubar da rabi. Na yarda gajiya ke kada shugaba, don yanzu da Alhaji anka gaji. Ban yarda abin kirki yana tsare kansa ba. Sai an tsaya mashi, da ƙafa, cikin rana.

Sati mai zuwa akwai zaɓen ƙungiya, kuma akwai mai cewa zai maido kati. Ku 'yan ƙarshe, da ku nake. Ranar zaɓen za ku ga ruwa ya cika hanya har gonakinku, irin wanda kunka shekara ba ku gani ba. Ba tausayi ba ne. So su Alhaji suke ku bar layi ku tafi ban ruwa. Sun tuna Talatar Bappa ne, ku kunka manta.

Katin Inna yana nan cikin jakata, kwalin ya yi laushi, rubutun jan biron Bappa bai goge ba. Abin da ya bar muna ke nan, shi da taurin kai, kuma ni na gaji taurin kan. Inna ta ce ni zan tsaya mata a layi da sunan fadamarta. Ruwa ya zo ya wuce. Albasarmu ta yi shekara bakwai tana jira, yini guda ba zai kashe ta ba.

Allah ya kai haske kabarinka, Bappa. Wanga karon ba za mu bi shawararka ba.